Iyakar albashin 'yan ƙwallo: a cire ta, a bar ta, ko a sake mata fasali?

A kakar wasa ta 2025, dokar gasar MLS ta Amurka ta ba kowace ƙungiya kasafin dala miliyan 5.95 don albashin manyan 'yan wasanta. A wannan kakar dai, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasan gasar ta fitar da jadawalin albashi, aka ga Lionel Messi shi kaɗai yana kwasar dala miliyan 20.4 a shekara a Inter Miami. Kuma babu dokar da aka taka. A takardun gasar, dala 743,750 kacal aka lissafa a kansa, sauran kuwa mai ƙungiya ne ke biya daga aljihunsa. Wannan tsarin na iyaka mai ƙofofi shi ne ya sa wasu ke cewa a ɗage ta gaba ɗaya kowa ya huta, wasu kuma na cewa ranar da aka ɗage ta, ranar za a fara haƙa wa gasar kabari.

Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, ya kamata ya san cewa abin da ake kira ƙayyade albashi ba iri ɗaya ba ne. Akwai iyaka guda ga kowa, wato a ce mai kuɗi da marar kuɗi duk ga adadin da ba za su wuce ba, kamar yadda ake yi a MLS, da gasar A-League ta Ostareliya, da gasar mata ta NWSL a Amurka. Akwai iyaka gwargwadon samu, inda ake duba kuɗin shigar kowace ƙungiya a ce kada ta kashe fiye da kaso kaza, irin ta La Liga da hukumar UEFA. Sai kuma a saki kasuwa, kowa ya biya abin da ya ga dama. Aiki biyu ake nema daga kowace iyaka: ta hana ƙungiyoyi karyewa, ta kuma sa gasa ta yi armashi, ƙaramar ƙungiya ta iya sa rai da kofi. Abin da tarihi ya nuna shi ne da wuya tsari ɗaya ya yi ayyukan nan biyu a tare.

Ingila ce ta fara gwada abin, kuma ita ce ta fara cire shi, saboda haka labarinta ya fi na kowa amfani. A 1901 hukumar gasar ta ce babu ɗan wasan da za a biya fiye da fam 4 a mako. An riƙa ɗaga adadin kaɗan-kaɗan, har ya kai fam 20 a 1958. Ka tuna cewa a kakar 1948/49 an sayar da tikitin shiga filin wasa sama da miliyan 41 a gasar, amma wanda jama'a suka zo kallo bai fi ma'aikacin masana'anta samu da wani abin kirki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tom Finney na Preston, ɗaya daga cikin gwanayen da Ingila ta taɓa yi, yana buga ƙwallo yana kuma sana'arsa ta gyaran famfo. A 1952 Palermo ta Italiya ta yi masa tayin fam 10,000 kuɗin sa hannu kawai, ban da albashi da gida da mota, shugabannin Preston suka ce ba inda za shi, kuma dokar lokacin ta ba su ikon riƙe shi. Waɗanda suka samu hanya sun fice: Neil Franklin ya tsallake zuwa Kolombiya a 1950, John Charles ya koma Juventus a 1957. Waɗanda suka zauna kuma, wasu ana cusa musu kuɗi a ɓoye, har asirin Sunderland ya tonu a 1957 aka ci ta tara, aka dakatar da wasu shugabanninta.

A Janairun 1961, da Jimmy Hill, shugaban ƙungiyar 'yan wasa, ya ja daga da barazanar yajin aiki, aka soke dokar. Ba a jima ba Fulham ta mayar da albashin Johnny Haynes fam 100 a mako, ninki biyar ke nan a tashi guda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan abin da ake danne wa 'yan wasa.

Masu son iyaka su ma suna da hujja a wannan zamanin. Daga 1950 zuwa 1960 ƙungiyoyi 7 ne suka ɗauki kofin lig ɗin Ingila: Portsmouth, Tottenham, Manchester United, Arsenal, Wolves, Chelsea da Burnley. Burnley ƙaramin gari ne, amma tun da babu wanda zai biya ɗan wasanta fiye da fam 20, babu dalilin da zai sa ya kwashe iyalinsa zuwa Landan. Preston ta faɗi daga babban rukuni a 1961, har yau ba ta dawo ba. Kwatanta wannan da Firimiya, wadda tun kafa ta a 1992, sama da shekara 30, ƙungiyoyi 7 ne su ma suka taɓa ɗaukar ta.

Sai dai a nan ne ake yawan yin gaggawar yanke hukunci. Bayan soke iyakar, Ipswich ta ci kofi a 1962, Derby ta ci a 1972 da 1975, Nottingham Forest a 1978, Aston Villa a 1981. Ashe shekara 20 gasar ta yi a buɗe babu wata iyakar albashi. Abin da ya riƙe ta shi ne rabon kuɗi: har zuwa 1983, ƙungiyar da ta je baƙunta tana da kaso a kuɗin ƙofa, saboda haka ƙaramar ƙungiya kan ci arzikin babban filin Manchester United. Da aka daina wannan rabon, sannan kuɗin talabijin da na gasar Zakarun Turai suka fara kwarara zuwa hannun 'yan tsiraru daga 1992, sai kuma hukuncin Bosman na 1995 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta, a lokacin ne tazarar ta buɗe sosai. A ganina wannan shi ne babban abin lura a duk gardamar: albashi bin kuɗin shiga yake yi, saboda haka wanda ya ɗaure albashi ya bar rabon kuɗin shiga a karkace bai taɓa tushen matsalar ba.

To, me iyaka guda ga kowa take saya wa gasa? A Amurka amsar ita ce rai. Gasar NASL da ta gabaci MLS sakin kasuwa ta yi. New York Cosmos, da kuɗin kamfanin Warner a bayanta, ta kawo Pele a 1975 da Franz Beckenbauer a 1977, sauran ƙungiyoyi suka shiga tseren da ba su da ƙafar yin sa. A 1978 ƙungiyoyi 24 ne a gasar, a 1984 saura 9, a farkon 1985 aka rufe shago. Waɗanda suka kafa MLS a 1996 da wannan tabon suka zo, shi ya sa suka gina ta kamar kamfani guda: ɗan wasa da gasar yake sa hannu a kwantiragi, masu ƙungiyoyi kuma masu hannun jari ne a gasar. 'Yan wasa sun kai ƙara kotu cewa wannan haɗin baki ne don a danne farashinsu, suka sha kaye a 2002. Yau gasar na da ƙungiyoyi 30, kuma San Diego da ta shigo a 2025 dala miliyan 500 ta biya kuɗin shiga kawai. Babu attajirin da zai zuba irin wannan kuɗin in bai tabbata an ɗaure hannun abokan gasarsa ba.

Wajen raba kofi ma tana aiki. Daga 2015 zuwa 2022 ƙungiyoyi 7 ne suka ɗauki kofin MLS a kaka 8, kuma rabon da wata ta ci sau biyu a jere tun LA Galaxy a 2011 da 2012. A Ostareliya, Central Coast Mariners, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi mafiya ƙarancin kuɗi a gasar, ta lallasa Melbourne City da ci 6-1 a wasan ƙarshe na 2023, alhali masu Manchester City ne ke da Melbourne City. Ta sake ɗaukar kofin a 2024. Ajiye wannan kusa da Jamus, inda Bayern Munich ta ci sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, ko Italiya inda Juventus ta yi 9 a jere, ko Sikotland inda rabon da wata ƙungiya ban da Celtic da Rangers ta ɗauki lig tun Aberdeen a 1985. Amma a yi adalci: a Amurka da Ostareliya wasannin sili-ɗaya-ƙwale ne ke fitar da zakara a ƙarshen kaka, kuma wannan tsarin shi kansa yana watsa kofi ko da babu iyakar albashi.

Farashin da ake biya kuma ba kaɗan ba ne, kuma a fili ake ganinsa. LA Galaxy ta ɗauki kofi a Disambar 2024. Nasara kan ɗaga darajar 'yan wasa, kowa ya nemi ƙari, kasafi kuma bai motsa da yawa ba, sai ta fara rabuwa da mutanenta, ciki har da Dejan Joveljic da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe, aka sayar da shi ga Sporting Kansas City. Ga Riqui Puig kuma yana jinyar gwiwa. Zakarun suka buɗe kakar 2025 da wasa 16 a jere babu nasara ko ɗaya. Masu kare tsarin za su ce ai dama haka ake so, yau gare ka gobe ga wani. Magoyin bayan da ya ga an wargaza ƙungiyarsa saboda ta yi ƙoƙari ba zai yarda da wannan bayanin ba.

Sai matsalar benci. Tun 2007, lokacin da aka ƙirƙiro dokar da ta ba David Beckham damar zuwa Los Angeles, kowace ƙungiya na iya ɗaukar fitattun 'yan wasa, yanzu har 3, ta biya su abin da ta ga dama. Sakamakon shi ne ƙungiya mai taurari a gaba, amma masu tsaron baya da 'yan benci na arha. Idan aka haɗu da ƙungiyoyin Meziko, waɗanda ke baza kuɗinsu a kan 'yan wasa 18 ko 20, sai bambancin ya fito bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, lokacin da ake fara canji. Daga 2006 zuwa 2021 ƙungiyoyin Meziko ne suka cinye kofin zakarun yankin Concacaf, wato Amurka ta Arewa da ta Tsakiya da Karebiyan, babu fashi. Seattle ta karya wannan a 2022, amma Leon ta karɓe a 2023, Pachuca ta doke Columbus 3-0 a 2024, Cruz Azul kuma ta yi wa Vancouver 5-0 a 2025. Masu neman a cire iyaka a MLS yawancinsu ba ƙarin Messi suke nema ba. Cewa suke yi, in an yarda mutum ya kashe dala miliyan 25, a bar shi ya raba ta yadda koci yake so, maimakon a tilasta masa zuba mafi yawanta a kan mutum uku.

Dokokin ma sun yi yawa har sun zama sana'a. Akwai kuɗin rage nauyin albashi iri biyu da ake iya saye da sayarwa tsakanin ƙungiyoyi, akwai gurbin 'yan ƙasa da shekara 22, akwai na yaran gida. Duk ƙofar da aka buɗe, sai an sa mata mai gadi. Kuma inda duk aka yi iyaka, za a samu mai tsallake ta: an ci Inter Miami tarar dala miliyan 2 a 2021 kan ɓoye ainihin abin da take biyan Blaise Matuidi da wasu, an kuma kori Perth Glory daga wasannin ƙarshe na A-League a 2015 kan biyan kuɗi ta bayan fage. Abin da Sunderland ta yi a 1957 ne dai, zamani kawai ya canja.

Babban raunin iyaka guda a ƙwallon ƙafa shi ne ɗan wasa yana da inda za shi. A Amurka, gasar ƙwallon zari-ruga ta NFL ta sa iyaka a 1994, ta ƙwallon kwando, NBA, tun 1984, gasar hoki ta NHL kuma sai da ta yi asarar kakar 2004/05 sukutum kafin ta tilasta tata, kuma duk sun zauna lafiya da ita saboda babu wata gasa a duniya da za ta biya 'yan wasansu abin da suke samu a gida. Ƙwallon ƙafa kasuwar duniya ce. Gasar mata ta NWSL na ɗanɗana wannan yanzu: iyakarta a 2025 dala miliyan 3.3 ce ga ƙungiya gaba ɗaya, a watan Janairun shekarar kuma Chelsea ta ɗauke Naomi Girma daga San Diego a kan dala miliyan 1.1, karon farko da cinikin 'yar wasa ya haura miliyan. Alyssa Thompson ta bi ta kafin shekarar ta ƙare. Gasar da ta daɗe tana alfahari da cewa ita ce ta ɗaya a duniya ta wayi gari tana renon 'yan wasa ga Turai. Ostareliya ta fi shan wahala, domin Japan da Koriya ta Kudu da ƙasashen Larabawa duk sun fi ta biya, kuma ƙungiyar 'yan wasan ƙasar ta daɗe tana cewa iyakar ba ta cika alƙawarinta ba. Tana da abin nunawa: North Queensland Fury ta mutu a 2011, Gold Coast United a 2012, duk a ƙarƙashin iyakar. Iyaka guda na hana mai kuɗi wuce gona da iri, amma ga marar kuɗi, adadin da aka yanka ɗin ma ya fi ƙarfinsa.

Idan haka ne, me zai hana a saki kasuwa kawai? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma wanen a nan ita ce ƙasar Sin. Wajen 2016 da 2017 kamfanonin gine-gine da na kasuwanci suka buɗe bakin aljihu. Shanghai SIPG ta sayi Oscar daga Chelsea a kan fiye da fam miliyan 50, Carlos Tevez ya je Shanghai Shenhua, Mikel Obi ya sauka a Tianjin, Odion Ighalo a Changchun. Kuɗin tikiti da na talabijin ba su kai ko kusa da albashin ba, iyayen gida ne ke cike giɓin. Da kasuwancinsu ya girgiza, komai ya zube. Jiangsu ta ɗauki kofin lig a Nuwamban 2020, a Fabrairun 2021 kamfanin Suning ya rufe ta, zakara ba ta ko fito kare kambunta ba. Guangzhou, mai kofin lig 8 da na Zakarun Asiya 2, ta bi sahu a Janairun 2025. Hukumar ƙasar ta sa iyakar Yuro miliyan 3 a shekara ga baƙon ɗan wasa daga 2021, amma a lokacin aikin gama ya gama.

Ingila ma tana da nata gawarwakin. Leeds ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Zakarun Turai a 2001 da kuɗin rance, ta faɗi daga Firimiya a 2004, ta gangara rukuni na uku a 2007. Portsmouth ta ci kofin FA a 2008, ta karye a 2010. An kori Bury daga gasa a 2019 bayan shekara 125 a cikinta. An zabtare wa Derby maki 21 a kakar 2021/22. A rukuni na biyu, Championship, an yi kakanni da dama da jimillar albashi ta haura jimillar kuɗin shiga, domin kowa na caca da fatan ya hau Firimiya. Dalilin cacar a bayyane yake: masanin tattalin arzikin wasanni Stefan Szymanski ya nuna cewa idan aka ɗauki shekaru da yawa, yawan albashin ƙungiya ne ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na matsayinta a teburi. Leicester da ta ɗauki Firimiya a 2016 abin mamaki ce saboda ba a saba gani ba. Idan albashi ne ke sayen maki, faɗuwa kuma na nufin asarar ɗimbin kuɗi, shugaban ƙungiya mai hankali ma zai ci bashi. Saudiyya na tafiya babu irin wannan iyakar tun zuwan Cristiano Ronaldo Al-Nassr a farkon 2023, amma asusun zuba jari na gwamnati ne ya karɓi manyan ƙungiyoyi 4 a wannan shekarar, kuma gasar da ba ta da irin wannan uban gidan ba ta da abin koyi a wurin.

Wannan ne ya haifar da iyaka gwargwadon samu. La Liga ta fara nata tsarin a 2013, lokacin da bashin haraji da ake bin ƙungiyoyin Sifaniya ya haura Yuro miliyan 600. Bambancinsa da na sauran shi ne tun kafin a fara kaka ake duba littattafan ƙungiya, a yanka mata adadi, in ta wuce ba za a yi wa sabon ɗan wasanta rajista ba. Ba a jira sai an yi ɓarna a zo ana tara. Kuma dokar ta ciji babba: a Agustan 2021 Messi ya amince a rage rabin albashinsa, duk da haka Barcelona ta kasa yi masa rajista, ya yi bankwana yana hawaye ya tafi PSG kyauta. Shugaban Barcelona, Joan Laporta, ya faɗa a lokacin cewa bashin ƙungiyar ya kai Yuro biliyan 1.35, albashi kuma ya kai kashi 103 cikin 100 na kuɗin shiga. A wannan kakar an yanka wa Real Madrid kimanin Yuro miliyan 739, Barcelona 97, daga baya ma tata ta koma ƙasa da sifili. Wajen hana karyewa tsarin ya yi aiki, bashin haraji ya ragu ƙwarai. Amma bai hana dabara ba, domin a 2022 Barcelona ta sayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin ɗinta na lig na shekara 25 don ta samu sararin sayen 'yan wasa, wato ta cinye abincin gobe a yau.

UEFA ta bi wannan hanyar a 2022: albashi da kuɗin sayen 'yan wasa da ladan wakilansu kada su wuce kashi 90 cikin 100 na samu a 2023/24, kashi 80 a kaka ta gaba, kashi 70 daga 2025/26. Ta riga ta ci Chelsea da Aston Villa tara a kai. Lissafin dai mai sauƙi ne. Real Madrid, wadda kuɗin shigarta ya haura Yuro biliyan 1 a 2023/24, tana da izinin kashe miliyan 700. Ƙungiya mai samun miliyan 100 tana da izinin 70. Doka ɗaya ce a kansu, amma ta tabbatar da tazarar ninki 10, ta kuma hana ƙaramar samun wanda zai cike mata giɓin. Chelsea ta samu attajirin Rasha Roman Abramovich a 2003, Manchester City ta samu kuɗin Abu Dhabi a 2008, suka shige kafin a rufe ƙofa. Newcastle da asusun Saudiyya ya saya a 2021 ta tarar da ita a kulle, har a Yunin 2024 ta sayar da Elliot Anderson da Yankuba Minteh cikin gaggawa don kada ta karya dokar Firimiya ta asarar fam miliyan 105 a shekara 3, dokar da ta ci wa Everton maki 8 da Nottingham Forest maki 4 a kakar 2023/24. Wani abin takaici kuma, tun da kuɗin yaron da ƙungiya ta rena riba ce zalla a littafi, yaran gida ne ake fara kaiwa kasuwa.

Me ya sa Turai ba za ta ɗauki iyaka guda irin ta Amurka ba, ta samu daidaiton? An gwada. A Agustan 2020 ƙungiyoyin rukuni na uku da na huɗu a Ingila suka amince da fam miliyan 2.5 da miliyan 1.5, a Fabrairun 2021 kwamitin sasanci ya rushe dokar, saboda ba a tuntuɓi ƙungiyar 'yan wasa yadda yarjejeniya ta tanada ba. A Amurka iyakar na tsayawa a gaban kotu ne saboda tana cikin yarjejeniyar da 'yan wasa suka sa wa hannu. Ban da shari'a, akwai hawa da faɗuwa: ƙungiyar da ta faɗo daga sama da manyan kwantiragi, yaya za ta shiga ƙarƙashin iyakar a wata biyu? Akwai kuma gasar nahiya. Idan Ingila ta ɗaure kanta ita kaɗai, Madrid da Munich da Paris ne za su yi murna. Wannan ce hujjar da aka kafa a Nuwamban 2025, lokacin da ƙungiyoyin Firimiya suka yi watsi da shawarar a ɗaure abin da babba zai kashe da ninki 5 na kuɗin talabijin ɗin ta ƙarshe a teburi, suka zaɓi kashi 85 cikin 100 na samun kowa daga kakar 2026/27.

Akwai tambayar da magoya baya ba su cika yi ba: kuɗin da aka hana ɗan wasa, aljihun wa yake shiga? Babu wata dokar iyaka da ta zo da alƙawarin rage kuɗin tikiti. Mai ƙungiya ne ke cin ribar, ta hanyar darajar ƙungiyarsa da ke hawa. Shi ya sa a NFL da NBA iyakar ke tafiya da abubuwa biyu: 'yan wasa na da kusan rabin kuɗin shigar gasar a rubuce, kuma akwai mafi ƙarancin abin da dole kowace ƙungiya ta kashe, wajen kashi 90 cikin 100 na iyakar. Iyakar da babu waɗannan biyun komawa ce zamanin Finney.

Saboda haka zaɓin ya danganta da irin gasar da ake magana a kai. Ga gasar da ke da hawa da faɗuwa, wadda ƙungiyoyinta ke fita gasar nahiya, iyaka guda ba za ta tsaya ba, sakin kasuwa kuma Bury da Jiangsu yake haifarwa. Iyaka gwargwadon samu ce ta rage, kuma irin ta Sifaniya mai bincike tun kafin kaka ta fi ta Ingila mai cire maki bayan shekara biyu. Sai dai kada a sayar wa jama'a ita a matsayin maganin mamayar manya. Wanda ke son wannan, rabon kuɗi zai taɓa. Firimiya na raba rabin kuɗin talabijin na cikin gida daidai wa daida, shi ya sa ta ƙarshe a teburinta ke iya sayen ɗan wasan da ta uku a Italiya ke nema. Sifaniya sai a 2015 ta fara sayar da haƙƙin talabijin a dunƙule, kafin nan Madrid da Barcelona ke kwashe kaso mafi tsoka. Zan kuma so a bar mai ƙungiya ya zuba kuɗinsa fiye da kason da aka yanka, matuƙar kyauta ce ko jari ba rance ba, kuma ya ajiye kuɗin duk tsawon kwantiragin a gaba. In ya gaji ya tafi, ƙungiya ba za ta bi shi ba.

Ga gasar da ke a rufe kamar MLS da NWSL, ban ga hikimar cire iyakar kwata-kwata ba. Ƙungiyoyin Miami da Los Angeles da New York za su tsere, na ƙananan birane kuma babu ko fargabar faɗuwa da za ta sa a kalli wasanninsu. Abin da ya fi shi ne a tattara kasafin da kuɗaɗen rage nauyi da na taurari uku a mayar da su adadi guda babba, a ɗaure shi da kason kuɗin shigar gasar, a sa masa mafi ƙaranci, wanda ya haura kuma ya biya haraji a raba wa sauran, kamar yadda NBA take yi. NWSL ta fara ɗaukar wannan hanyar a yarjejeniyarta ta 2024, inda iyakar ke ƙaruwa idan kuɗin talabijin da na talla suka ƙaru. A-League, da ke da ƙarancin kuɗi da maƙwabta masu biya, ita ce wadda hujjar masu neman a cire ta fi ƙarfi a kanta, domin matsalarta ƙungiyoyin da ke ƙasa ne, kuma iyakar sama ba ta taɓa ceton su ba.

A MLS za a san inda aka dosa nan ba da jimawa ba. Gasar ta amince ta koma kalandar Turai daga tsakiyar 2027, don kasuwar cinikinta ta zo daidai da ta sauran duniya, yarjejeniyarta da 'yan wasa kuma na ƙarewa bayan kakar 2027. A teburin wannan tattaunawar ne masu ƙungiyoyin da ke son kashe kuɗi da masu son riƙe aljihu za su fuskanci juna, kuma babu sabon adadin da zai zama doka sai 'yan wasa sun sa hannu.